Amsoshin Tambayoyinku: Ƙari a Jijiyar Kunne, a Cire ko a Bari?

TAMBAYA

 Ina rubuto muku daga unguwar Jisonayili a Tamale. Yayana tela ne, shekarunsa sun ɗan haura hamsin. An jima kunnensa na hagu yana raguwar ji, ga wata ƙara da ba ta yankewa dare da rana, wani lokacin kuma in ya sauka daga babur sai ya yi tangaɗi. Da aka yi masa hoton MRI, likita ya ce akwai ƙari a kan jijiyar ji, girmansa milimita 14, kuma ba kansa ba ne. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne, maimakon a cire, sai aka ce ya koma gida ya dawo bayan wata 6 a sake hoto. Yanzu dangi sun rabu biyu. Wasu na cewa an sallame mu ne don an ga ba mu da hali, wasu na cewa a sayar da fili a kai shi Indiya. Don Allah wane irin magani ake yi wa wannan ciwo, kuma wanne ya fi?

Daga wani mai karatu, Jisonayili, Tamale, Ghana

AMSA

 Sannunku da jinya, Allah ya ba Yaya lafiya, ya kuma saka maka da alheri kan wannan zumunci. Ka yi daidai da ka tambaya kafin a taɓa fili, domin matambayi ba ya ɓata. In na fahimce ka, abu uku kake son sani: mene ne wannan ƙari, me ya sa likita zai gan shi ya ce a jira, sannan waɗanne hanyoyin magani ne ake da su. Bari mu bi su daki-daki.

Mene ne shi?

Daga can cikin kowane kunne akwai wata jijiya da ke ratsa 'yar siririyar kafa a ƙashin kai, tsawonta kamar santimita 1, ta shiga ƙwaƙwalwa. Likitoci na kiranta jijiya ta takwas, saboda jijiyoyin da ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa 12 ne a kowane ɓari, kowace da lambarta. Aiki biyu take yi: tana kai saƙon sauti, tana kuma kai saƙon daidaiton jiki, wato abin da ke sa mutum ya tsaya ƙyam ko da idonsa a rufe.

Ka duba wayar lantarki: ƙarfe a ciki, roba a lulluɓe da shi. Haka jijiya take da rigarta, kuma ƙwayoyin da ke saƙa wannan riga ana kiransu da sunan Theodor Schwann, wani masani Bajamushe na ƙarni na 19. Wani lokaci waɗannan ƙwayoyi sukan hayayyafa fiye da kima su dunƙule. Wannan dunƙulen shi ne ƙarin da aka gani a hoton Yaya. A bakin likitoci za ka ji ana ce masa shuwanoma, ko akustik niyuroma.

Gaskiyar likita ce da ya ce ba kansa ba ne. Ba ya bin jini ya tafi huhu ko hanta, inda ya tsiro nan yake zama. Illarsa daga mazauninsa take, domin wurin a matse yake kuma maƙwabtansa manya ne. Jijiya ta bakwai, mai motsa fuska, wadda da ita ake murmushi da rufe ido, kafa ɗaya suke bi da jijiyar ji. In ƙarin ya leƙo daga kafar zuwa cikin ƙoƙon kai, sai ya tarar da jijiya ta biyar, mai sa fuska ta ji taɓi. In ya ƙara girma, sai ya fara danne tushen ƙwaƙwalwa, inda ake sarrafa numfashi da bugun zuciya, yana kuma iya tare hanyar ruwan da ke zagaya ƙwaƙwalwa. Nan ne haɗarin yake, amma ƙari mai milimita 14 yana cikin ƙanana.

Ciwon ba shi da yawa. Kiyasin da aka daɗe ana aiki da shi shi ne mutum 1 zuwa 2 cikin 100,000 a shekara, ko da yake yawaitar na'urar MRI ta sa ana ƙara gano ƙanana. Ya fi samun 'yan shekara 40 zuwa 60. Kusan 95 cikin 100 a kunne ɗaya yake fitowa, kuma irin wannan ba a gadonsa, don haka hankalinku ya kwanta game da 'ya'yan Yaya. Wanda ake gado shi ne mai fitowa a kunnuwa biyu, galibi tun da ƙuruciya, a wata lalura da ake kira NF2. Ba a ɗaukarsa daga wani, dattin kunne ba ya kawo shi, kuma manyan binciken da aka yi ba su tabbatar da cewa wayar salula na haddasa shi ba. Sai kuma abu ɗaya da nake roƙonku: kada a ɗiga masa komai a kunne da nufin narkar da ƙarin. Ƙarin yana can bayan dodon kunne, cikin ƙashi, abin da aka ɗiga ba ya isa gare shi, sai dai ya jawo wa kunnen wani ciwon daban.

Hanya ta farko: sa ido da maimaita hoto

Abin da aka gaya wa Yaya, shi ne abin da za a gaya wa attajiri a Landan ko Istokholm in ya zo da ƙari mai wannan girma. Hanya ce ta magani mai zaman kanta, kuma dalilinta yana cikin halin ƙarin. A hankali yake girma, galibi milimita 1 zuwa 2 a shekara, da yawa kuma sukan tsaya cik.

Ƙasar Denmak ce ta fi kowa tara bayani a kan wannan. Tun 1976 likitocinta ke rubuta duk wanda aka gano yana da irin wannan ƙari a faɗin ƙasar. A rahoton da suka fitar a 2006, cikin ƙarin da ke kwance a cikin kafar ƙashi, kashi 17 cikin 100 ne kawai suka girma, cikin waɗanda suka leƙo waje kuwa kimanin kashi 29. Sun kuma lura cewa wanda zai girma, galibi cikin shekara 5 na farko yake nuna hali. Wasu binciken na baya, da suka auna da ma'auni mafi tsauri, sun sami adadin da ya fi wannan, amma darasin bai canza ba: mutane da yawa za su rayu da ƙarinsu har tsufa ba tare da an taɓa su da wuƙa ba. To in haka ne, me zai sa a buɗe kan mutum, a jefa fuskarsa da sauran jinsa cikin haɗari, kafin a san ko nasa mai tafiya ne ko mai zama?

Hoto ɗaya girman ƙari kawai yake nunawa. Sai an jera biyu ko uku ake gane saurinsa. Shi ya sa aka ce wata 6. In ba a ga canji ba, akan koma shekara-shekara, daga baya a riƙa tsawaita tazara.

Wannan hanya tana da nata sharaɗi. Na ɗaya, ji yana iya ci gaba da raguwa ko da ƙarin bai motsa ba. Na biyu, kuma shi ne babba a wurinmu, dole a koma. Wanda ya ji an ce ba kansa ba ne sai ya ninke takarda ya manta, ya dawo bayan shekaru da ciwon kai da amai, ya mai da ƙaramin aiki babba. Ku adana faifan hoton farko da rahotonsa a wuri mai kyau, domin da shi za a gwada duk na gaba.

Hanya ta biyu: tiyata

Tiyata ce kaɗai ke fitar da ƙarin daga kai. Ana zaɓarta in ƙarin babba ne, musamman in ya kai santimita 3 ko ya wuce, ko yana danne tushen ƙwaƙwalwa, ko yana saurin girma a jikin mai sauran ƙuruciya.

Tsoron da mutane ke yi mata yana da asali. Tun 1777 wani likita a Leiden ta ƙasar Holan, Eduard Sandifort, ya bayyana wannan ƙari, amma har farkon ƙarni na 20 fiye da rabin waɗanda aka yi wa aikin ba sa tashi. Harvey Cushing na Amurka, wanda ya wallafa littafi a kan ciwon a 1917, ya rage mace-macen sosai. A shekarun 1960 kuma William House, likitan kunne a Los Anjelis, ya shigo da aiki da madubin ƙara girma, wanda ya ba likita damar ganin jijiyar fuska ya raba ta da ƙarin. Yau a cibiyoyin da suka ƙware, mutuwa a wannan aiki ba ta kai 1 cikin 100 ba.

Ƙofa uku ake bi. Akwai ta cikin ƙashin bayan kunne, wadda ke ratsa kunnen ciki. Tana ba da damar ganin jijiyar fuska tun da wuri, amma jin wannan kunnen ya tafi ke nan, don haka an fi yin ta ga wanda jinsa ya riga ya lalace. Akwai ta wajen ƙeya, bayan kunne, wadda ta dace da ƙari kowane girma, kuma akan iya ceto ji a wasu lokuta. Akwai ta saman kunne, domin ƙananan ƙari a kunnen da ke ji da kyau. Aikin yakan ci sa'o'i da yawa, galibi da haɗin gwiwar likitan tiyatar ƙwaƙwalwa da likitan kunne, sai kwanaki a asibiti da makonni na murmurewa a gida.

Ga abin da ya kamata dangi su sani tun yanzu: cire ƙarin ba ya dawo da jin da ya tafi, ƙarar kunne ma ba lallai ta daina ba. Abin da ake nema shi ne a tsare rai, a tsare fuska, in da hali a tsare ragowar ji. Babban abin gudu shi ne shanyewar ɓarin fuska, baki ya karkace, ido ya ƙi rufuwa. Ga wasu na ɗan lokaci ne, ga wasu ya zauna, kuma haɗarin yana ƙaruwa da girman ƙarin. Ruwan ƙwaƙwalwa kan iya yoyo ta hanci ko ta wurin ɗinki, akan kuma yi fama da jiri da ciwon kai na wani lokaci. Saboda kare fuska, likitoci da yawa yanzu sukan bar ɗan ɓawon ƙarin da ya manne wa jijiyar, su riƙa bibiyarsa da hoto. In ka ji an yi haka, da gangan ne, dabara ce.

Hanya ta uku: gashi na saiti

Wannan gashi ne da haske mai ƙarfi, amma ya bambanta da wanda aka saba yi wa masu ciwon daji na tsawon makonni. Wani likita ɗan Suwidin, Lars Leksell, shi ya ƙirƙiro na'urar da ake kira Gamma Knife, kuma a 1969 aka fara gwada ta a kan irin wannan ƙari. Ba a yanka komai. Na'urar tana harbo siraran haske kusan 200 daga kusurwoyi daban-daban. Kowanne shi kaɗai ba shi da ƙarfin yin ɓarna a inda ya ratsa, amma duk suna haɗuwa a kan ƙarin, nan ƙarfin yake taruwa. Galibi zama ɗaya ake yi, mutum ya koma masauki ran nan ko washegari. Akwai wasu na'urorin masu irin wannan aiki, kamar CyberKnife, wani lokacin kuma akan raba gashin zuwa zama da yawa.

Gashi ba ya fitar da ƙarin, tsayar da shi yake yi. A fiye da 90 cikin 100 na waɗanda aka yi wa, ƙarin yakan daina girma ko ya ɗan motse, kuma haɗarin shanyewar fuska kaɗan ne ƙwarai. Ya fi dacewa da ƙarin da bai kai santimita 3 ba, da dattawa, da masu ciwon zuciya ko wata lalurar da ke sa doguwar tiyata ta yi nauyi. Sai dai a watannin farko zuwa shekara ɗaya ko biyu ƙarin kan ɗan kumbura kafin ya lafa, ji kuma yakan ci gaba da raguwa sannu a hankali ga mutane da yawa, sannan hoton bibiya bai ƙare ba. In gashin bai ci ba, tiyatar da za ta biyo baya takan fi wuya.

Wataƙila ka ce, tunda gashin ba shi da yanka, me zai hana a yi shi tun yanzu a huta? Likitocin birnin Bergen a ƙasar Norwe sun gwada wannan. Sun raba marasa lafiya 100 masu ƙanana da matsakaitan ƙari gida biyu, aka gasa wa rabi nan take, aka sa wa rabi ido. A sakamakon da suka wallafa a 2023, bayan shekara 4 ƙarin waɗanda aka gasa wa ya fi motsewa, amma a wajen ji da jin daɗin rayuwa ba a ga wani bambanci mai girma ba. Ke nan wanda ya jira ana bibiyarsa bai yi asarar da za a sayar da fili saboda ita ba.

Maganin sha ko allura mai narkar da wannan ƙari babu shi ga mai irin na Yaya. Akwai wata allura, bevacizumab, da ake ba wasu masu NF2 tun wajen 2009, amma tasu ce su kaɗai.

Wanne ya fi?

Babu wadda ta fi ga kowa. Likita yana auna abu biyar: girman ƙarin, ko yana ƙaruwa, yawan jin da ya rage a wannan kunne da lafiyar ɗayan, shekarun mutum da ƙarfin jikinsa, sai kuma abin da shi mai ciwon ya fi tsoro ko ya fi so ya tsare. A taƙaice, ƙarami mai zama wuri ɗaya ana sa masa ido, ƙarami ko matsakaici mai girma ana gasa shi ko a cire, babba mai danne ƙwaƙwalwa sai tiyata.

Mu mazauna wannan yanki akwai na shida, wato nisa da aljihu. Asibitin Koyarwa na Tamale, wanda ke haɗe da makarantar likitanci ta jami'ar UDS, shi ne babban asibitin da arewacin Ghana ke dogaro da shi, kuma nan ya kamata bibiyar Yaya ta zauna: gwajin ji, ganin likitan kunne, hanci da maƙogwaro, da shawarar likitan tiyatar ƙwaƙwalwa. In ana son jin ta bakin wani likitan, akwai Komfo Anokye a Kumasi, kimanin kilomita 380 daga Tamale, da Korle Bu a Ankara, kimanin kilomita 600. Neman ra'ayi na biyu haƙƙinku ne, likitan kirki ba ya jin haushinsa, shi ma zai rubuta muku takardar turawa. Asibitocin biyu suna da cibiyoyin gashi na masu ciwon daji, amma gashi na saiti yana buƙatar na'ura da shiri na musamman, don haka likita ne zai faɗa muku inda za a same shi in buƙata ta taso. A nahiyarmu akwai Gamma Knife a Alƙahira da Rabat da Johannesbag, Indiya ma tana da su.

Batun kuɗi kuwa, jerin abubuwan da inshorar lafiya ta NHIS ba ta biya ya daɗe yana ɗauke da tiyatar ƙwaƙwalwa wadda ba haɗari ne ya jawo ta ba, da na'urar ƙara ji. Ka je ofishinsu ka ji yadda doka take a yau, ka kuma nemi sashen jin daɗin jama'a na asibiti. Shawarata ga dangi ita ce a fara tara kuɗin hoton wata 6 tun yanzu, a bar filin a inda yake. In ranar aiki ta zo, ya yi amfani a lokacin. Ku kuma yi hattara da dillalan fita waje neman magani masu yi muku alƙawarin dawo da ji.

Kafin lokacin

Yaya zai iya ci gaba da ɗinkinsa. Abin da zai kiyaye shi ne lafiyayyen kunnensa: ya nisanci ƙarar janareto da manyan lasifikun biki, kada ya soka komai a ciki, kuma ya riƙa gaya wa duk likitan da zai rubuta masa magani cewa kunne ɗaya gare shi, domin wasu allurai, irin su jentamaisin, suna iya taɓa ji. Mai ji da kunne ɗaya ba ya gane ta inda sauti ke zuwa, ga kuma tangaɗi, a garin da babur da keke mai ƙafa uku suka cika titi kamar Tamale. Ya rage tuƙin dare, ya riƙa waiwayawa da ido maimakon dogara da hon, ya sa hular kwano, ran da jiri ya taso kuma ya bari a goya shi. Tafiya a ƙasa kullum da atisayen da likitan gashin ƙashi zai koya masa suna taimaka wa ƙwaƙwalwa ta saba. Akwai kuma na'urar ji mai ɗauko sauti daga kunnen da ya mutu ta kai wa mai ji. Ku ma a gida ku riƙa zama ta damarsa in za ku yi masa magana, ku fuskance shi, ba sai an ɗaga murya ba.

Kada a jira wata 6 in aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: ciwon kai mai tsanani da amai, musamman da asuba, gani ya dushe ko ya riƙa ganin abu bibbiyu, tangaɗi ya ƙaru har yana faɗuwa, ɓarin fuska ya yi sanyi ko ya karkace, haɗiya ta yi wuya, ko yawan barci da ruɗewa. Haka in ji ya ɗauke farat ɗaya a kowane kunne, a je asibiti cikin kwana ɗaya ko biyu, domin akwai maganin da ke aiki in an ba da shi da wuri.

Ran komawa, ka raka shi da takarda da biro. Ku tambayi likita: milimita nawa ne yanzu, nawa ne a da? Ya taɓa tushen ƙwaƙwalwa? Jin da ya rage ya kai a yi ƙoƙarin ceto shi? In tiyata za a yi, sau nawa ake irin wannan aiki a nan a shekara, kuma akwai na'urar da ke lura da jijiyar fuska lokacin aiki? Ka rubuta amsoshin, ka karanta wa dangi, sannan a bar Yaya ya faɗi abin da ya kwanta masa a rai, tunda kansa ne da fuskarsa. In sakamakon hoto na biyu ya fito kuna son ƙarin bayani, ka sake rubuto mana, muna nan. Allah ya ba shi lafiya mai ɗorewa, ka gaishe mana da mutanen Jisonayili.